Haƙoran Ticha

Har yau in na ji ɗan talla ya ce data "ba iyaka", sai raina ya ɓaci. Haka suka ce wa yayana ranar da suka kafa mana waifai a gidanmu na Abakpa. Ashe da iyakarta, ba su dai faɗa ba. Da ka sha wani adadi sai su shaƙe layin, ko hoto ba ya buɗewa sai wata ya kama.

Yaya ya daɗe yana zaman kashe wando bayan digiri. Da ƙyar wani kamfani ya sa masa ranar intabiyu ta bidiyo. Ranar tun hantsi ya sha kwat, ya zauna gaban kwamfuta. Fuskokin masu tambaya suka fito, suka daskare, suka ɓace. Ya duba, ga wayoyin mutane birjik a kan layinmu, sun tsotse datar tas.

Ihunsa ne ya jawo Ticha, maƙwabcinmu, malamin firamare ɗan Kudancin Kaduna, wanda shinkafarsa ta Kirsimeti ba ta taɓa tsallake gidanmu ba. Ya shigo yana miƙo waya. Idon Yaya ya faɗa kan fuskarta, ya ga sunan waifai ɗinmu.

"Ashe kai ne ɓarawon."

Bai jira amsa ba. Ya fizgo akwatin waifai daga bango, ya maka masa a baki. Ticha ya zube, Yaya ya bi shi da ƙafa, a ciki, a haƙarƙari. Na riƙe shi, ya watsar da ni jikin kujera. Wallahi a lokacin na tsane shi. Jini ya rine farar rigar Ticha, ga haƙora a kan tayil.

Umma ta fito daga kicin, ta zabga wa Yaya mari.

"Ni na ba shi lambar sirrin, shi da duk 'yan layin nan. Ba kai ka ce ba ta ƙarewa ba? Da can garwashi ake shigowa ɗiba gidan nan, ka taɓa ganin na hana?"

Ticha ya tofar da jini, ya lalubo wayarsa a ƙasa.

"Mama, bar shi. Na ji ta yanke ne, na sa data, na kawo masa ya ƙarasa da ita."

Yaya ya karɓi wayar. Ashe gilashin ya riga ya tarwatse a ƙarƙashin takalminsa, ko kunnuwa ba ta yi.

Kamfanin bai sake kira ba. Ticha kuwa har yau yana shigowa gaida Umma, hannunsa a kan baki.