Butocin Ewald da Sanyin Solingen

Ewald Stursberg mai wasa wuƙa ne. Ya ƙare ƙarfinsa a duƙe kan dutsen wasa a wata ma'aikata da ke bakin kogin Wupper, har bayansa ya ranƙwafe. Da ya ajiye aiki, abu biyu ya fito da su: tari da butocin gahawa.

Butocin na kuza ne, irin na kaka da kakanni, masu tumbi da ƙafa uku da ɗan famfo a ƙasa. Kowa a garinsu Solingen Mina-mai-ɗiga yake ce musu, don tukar gahawa kan toshe famfon ya koma ɗis, ɗis. Bayan yaƙin duniya mutane suka samu na zamani, suka riƙa miƙa tsofaffin ga 'yan gwangwan. Wata rana Ewald ya ga an jefa ɗaya a tukunyar narkarwa. Daga ranar ya fara bin 'yan gwangwan a keke yana sayen tsofaffin butocin. Duk wadda ya samo sai ya miƙe mata ƙafa, ya gyara famfo, ya goge ta da wata ciyawa mai kaushi ta bakin rafi.

Matarsa Irmtraud ta yi haƙuri har suka cika taga da kan kabad. Ranar da ta tsinci ɗaya a kwandon wanki, ta kora su duka sito, wato ɗan ɗakin katako na bayan gida inda zomaye suke. Suka yi shekara da shekaru a can lafiya.

Sai aka yi wani sanyi da kogin kansa ya daskare. Ewald ya je ba zomaye abinci da safe, ya ga wani ƙurji mai launin toka a tumbin wata buta. Ya taɓa, wurin ya marmashe a yatsansa. Ya san ciwon: sanyi ke kawo wa kuza shi, kuma in mai ciwo ta jingina da 'yar'uwarta sai ta shafa mata. In suka ƙare hunturu a nan, gari zai kwashe da tsintsiya.

Kwal ɗin gidan bai wuce na murhun kicin ba. Wurin ɗumi biyu ne ke nan: kicin, da ɗakin kwana na samansa inda bututun hayaƙi ya ratsa. Ya shigo rungume da buta biyu.

"Tsaya nan, tsoho," in ji Irmtraud, ludayi a hannu. "Ina za ka da 'yan matan naka?"

"Sanyi na cinye su."

"Ni ma yana ci na, wa ya rungumo ni? Kicin ɗin nan in na juya sai na ture tukunya. Ka sa su kan murhu mana, su ji ɗumi da kyau."

"Su narke?"

"Ka ga an huta."

Ewald ya juya da butocinsa. Ya haye sama, ya sauko, ya sake hawa, yana tsayawa a tsakiyar matakala ya yi tari. Da Irmtraud ta leƙa da la'asar, ta tarar da butoci jere a gefensa na gado, daga matashi har ƙafa, kowacce naɗe da tsohuwar riga don kada su taɓa juna.

"Kai kuma ina za ka kwana, sarkin butoci?"

"Sito ya samu fili yanzu."

"Da wannan ƙirjin naka? To Allah ya ba da sa'a. Ka gaida zomaye."

Ta ɗauka cika baki ne. Ai kuwa ya ɗauki bargo da babbar rigar sanyi ya fita.

Washegari ya shigo shan gahawa, gashin bakinsa da ƙanƙara, yatsunsa sun kasa riƙe burodi. Ta zuba masa ba ta dube shi ba. Ya sha, ya hau sama ya warware butocin ɗaya bayan ɗaya yana neman ƙurji, ya mai da su. Da yamma ya sake ɗaukar bargonsa. Haka jibi, haka gata. Tarin ya yi ƙarfi har maƙwabciyarsu Hedwig ta leƙo ta kan shinge tana shanyar kaya.

"Irmtraud! Kare kuka saya ne, ko mijin ne kika ɗaure a baya?"

"Shi ya ɗaure kansa. Ki ji da naki da ke kwana a mashaya."

Ta shigo ta buga ƙofa. Ta daɗe tsaye tana duban bangon kicin da ya fi nisa da murhu, inda kwalaben 'ya'yan itacen da ta dafa a lokacin kaka suke. Sai ta shiga sauke su cikin kwando. Ewald ya shigo ya same ta a kai.

"Kada ka tsaya kana kallona kamar gunki," ta ce. "Ba don gwangwanayenka na yi ba. Ba ni da ƙarfin haƙa kabari a ƙasar da ta daskare. Ina katako?"

Ya kawo katako da ƙusa. Ya auna, ya yanka, ya buga kanta har kusa da rufi, da ɗan shamaki tsakanin buta da buta. Biyu dai ba su tsira ba, ciwon ya riga ya huda su, ya bar su a sito. Sauran Irmtraud ce ta riƙa miƙo masa yana bisa tsani.

"Wannan ƙafarta a karkace take," ta ce.

"Zan gyara."

"Gobe. Sauko ka kwashe tsummokaran nan daga gado, ka kwanta."