Rumbun Yaya Bukar na Gidimuni

Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu na Yaya Bukar a Zango ya san awartakin nan. Ka zo da kile, ɗan abin nan da ake zuba takardu a ciki a soka wa ordinatar, wato kwamfuta, ka miƙa masa da ladabi, ba zai karɓa da hannu ba. Sai ya ɗauko awartaki ya cafke shi, ya nesanta shi da jikinsa kamar ya kamo kunama, ya jefa cikin gwangwanin tumatir. Sannan ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "A injin wa ya yini jiya?"

Ni ne Laminu, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, surbeyan na lekol, wato mai kula da ladabin ɗalibai a makaranta, sama da shekara talatin. Ni ba mutumin raha ba ne, ɗalibaina shaida ne. Na zauna rubuta wannan ne saboda abin da ya same ni bayan rasuwarsa, kuma zan faɗe shi bi da bi.

Ga matsalar tukuna. Ba a daɗe da sadakar arba'in ba ruwan sama ya ɓarke rufin ɗakina ya sauka cikin akwatin takarduna. Takardar ɗaukata aiki, wadda nake ajiye da ita cikin leda biyu, ta zama kunu. Saura wata biyu in kai dosiye, wato takardun ritaya, kuma a biro, wato ofis, suka ce mini in babu ita dosiyen ba zai motsa daga tebur ba. Na tuna shekarun baya na taɓa kai wa Yaya Bukar ita ya ɗauki hotonta a inji. To, inji a kulle, mai kod ɗin kuwa, wato lambar sirrin buɗe shi, yana kabari. Don ku gane girman wannan kulle, sai na koma kan halinsa.

Na farko, tsarin shago. Injinansa uku ne, kuma ya raɗa musu suna. Akwai Zaure, tsohon inji mai ƙara kamar injin niƙa, nan kowane baƙon kile yake fara sauka a bincike shi. Akwai Tsakar Gida, inda yake aikin yau da kullum. Sai Rumbu, ma'ajiyar takardun mutane, can ƙurya, lulluɓe da zane. Rumbu bai taɓa ganin rezo ba, wato intanet, ramukan da ake soka kile kuwa ya toshe su da kakin zuma, in ban da guda ɗaya da shi kaɗai yake taɓawa.

Wata rana wani babba daga wani biro ya faka mota ya shigo a gaggauce, ina zaune.

"Malam Bukar, maza buga mini wannan, taro nake da shi!"

Awartaki ya fito. Mutumin ya murtuke fuska.

"Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Kai ka wuce ciki ka zauna bisa kujera. Shi kuma ya tsaya a zaure."

"Kile nawa ne fa, ba na tsintuwa ba!"

Yaya ya ɗauki kilen ya soka wa Zaure. Kai! Inji ya ɗauki kuka, allonsa ya yi ja, birus, wato cututtukan inji, suka yi ta fitowa layi-layi kamar ƴan lekol ranar rabon sakamako. Babba ya yi tsuru. Yaya ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kai nake zargi ba. Kai ka yi wanka ka sa turare. Shi ne bai yi ba." Wallahi tun daga ranar mutumin nan in zai shigo, da hannunsa yake jefa kilensa cikin gwangwani.

Na biyu, yaƙinsa da sistem, wato abin da ke tafiyar da inji. Da farko wanda kowa ke saye yake amfani da shi. Ran nan yana tsakiyar buga wa wata baiwar Allah takardar neman aiki, inji ya tsaya cak ya rubuta wai yana mizajur, wai yana sabunta kansa, kada a kashe shi, a jira. Yaya ya jira. Matar ta jira. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Da aka dawo da shi, takarda ta tafi.

Bai yi faɗa ba, shi ya fi ba ni tsoro. Washegari ya share sistem ɗin kaf, ya zuba wani na kyauta wanda tambarinsa wani tsuntsu ne mai tsayuwa kamar mutum. Amininsa Mushe Sani, malamin lissafi (Mushe muke ce wa malamin lekol), ya zo ya tarar da shi gaban baƙin allo yana rubuta umarni harafi-harafi.

"Bukar, duniya na danna hoto, kai ka koma rubutun allo?"

"Sani, tsaya in tambaye ka. Wani ya shigo gidanka ba sallama, ya fitar da kai waje, ya kulle ƙofa, ya ce yana gyara maka ɗaki, ka jira. Me za ka kira shi?"

"To ai gyara ne yake yi."

"Ni na ce ya gyara? Wannan tsuntsun kuwa, in ban ce masa motsa ba, ba ya motsi."

Ai kuwa bai motsa ba! Sati guda cur tsuntsu ya ƙi sanin injin fitar da takarda. Mushe Sani yana zuwa kowace safiya takanas don ya yi dariya.

"Yaya tsuntsu? Ya yi ƙwai?"

"Ba su saba ba ne. Gaisawa suke."

Ya jawo tsohuwar tafiretarsa daga ƙarƙashin tebur, ya yi ta ƙwanƙwasa wa mutane takardunsu, bai mayar da ko mutum ɗaya ba. Rana ta takwas inji ya fitar da takarda. Yaya ya ɗauke ta, ya rufe shago, ya taka har lekol ɗinsu Mushe Sani, ya miƙa masa ta taga yana cikin aji. Kalma biyu ce a jiki: "Sun saba."

Na uku, batun kod. Wannan a kaina ya faru. Na sayi sabuwar waya na sa mata kod, na kai masa ina taƙama. A gaban maiɗakina ya karɓa, ya dube ni, ya danna lamba huɗu, waya ta buɗe.

"Shekarar haihuwarka, Surbeyan. Haba! Kai da kake kama yara da satar amsa?"

Ya zaunar da ni ya buɗe mini akwatin wasiƙa na rezo. Aka zo wurin da ake zaɓar tambayar sirri saboda ranar mantuwa. Ya karanta da ƙarfi.

"Wai sunan mahaifiyarka. A Damagaram! Je ka bakin kasuwa ka tambayi mai goro, zai gaya maka sunanta, da na kakarka, da unguwar da aka ɗauko ta ranar biki. Waɗannan mutane ba su da maƙwabta ne?"

"To wace tambaya ce ta kirki, Yaya?"

"Wadda mutum ɗaya ne zai iya amsa ta, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa wa kowa ba."

Na yi dariya a lokacin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na huɗu, Gidimuni. Kowane farkon wata yakan kwashe abin da ke cikin Rumbu ya zuba a wani ɗan faifai, ya naɗe shi cikin jar fata, ya hau babur ya nufi Gidimuni wurin babbar yayarmu, Ya Fanna. Ya Fanna ba ta yi boko ba, gidanta babu kuran, wayarta ma irin mai tocila ce. Mukan ce masa, "Yaya, duk wannan tafiya saboda faifai?" Ya ce, "Gobara ba ta san hanyar Gidimuni ba. Kuma duk ɓarayin rezo na duniya su taru, su gwada wuce Ya Fanna in gani." Ya dawo da dabino da albasa, mu ci muna yi masa dariya.

Yanzu mu koma kan takardata. Na ɗauko wani ƙwararren mai gyara, magidanci da ya yi karatun abin a Yamai. Ya yini gaban Rumbu, gumi na zuba. La'asar ya miƙe ya mayar da zanen da hannu biyu, ya ce, "Baba, wanda ya kulle wannan ya fi malamanmu. Ko faifan aka ciro, abin da ke ciki ba ya karantuwa." Na rasa ko in yi kuka ko in yi alfahari.

Matar Yaya, Hadiza, ita ta ce mini, "Laminu, ya sha faɗa, in wani abu ya taso a je Gidimuni."

Na isa da hantsi. Na tarar da Ya Fanna a tsakar gida, ga mai gidanta, ga manyan ƴaƴanta maza biyu da matansu. Na zayyana mata komai. Ta shiga ɗaka ta jawo akwatin ƙarfe, ta zauna a kansa. A kansa fa!

"Akwai ambulan ɗinka, mai koren zare. Amma Bukar ya bar tambaya. Ya ce in ba ka amsa ba a gaban shaidu, kada in ba ka ko da kana kuka."

"Ya Fanna, ni ne fa, Laminu. Ke kika goye ni."

"Ya ce za ka faɗi haka. Ya ce fuska ba kod ba ce."

"To, tambaye ni."

Ta gyara zama. "Wa ya lalata rediyon Baba?"

Jama'a, ga abin da ya faru. Ina ɗan shekara goma na sa wuƙar dukancin Baba na buɗe rediyonsa, wai in ga mutanen da ke magana a ciki, na tsinke waya. Baba ya dawo ya tara mu. Na yi shiru. Yaya Bukar ya dube ni sau ɗaya, ya ce shi ne. Ya sha bulala har ya kasa zama. Bayan nan ya yi kwana bakwai yana tonon rediyon har ta yi magana. Shekara hamsin ban faɗa wa kowa ba, shi ma bai taɓa tayar mini da zancen ba. Ni kuwa na girma na zama mai tsare ƙofar lekol da tsumagiya, ina ce wa yara mai laifi ya fito da kansa.

Na ce a hankali, "Ni ne."

"Ban ji ba. Kunnena ya tsufa."

"Ni ne, Ya Fanna! Ni na lalata ta, Yaya ya sha dukan!"

Mai gidanta ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Matan ƴaƴanta suka rufe baki da gyale suka ruga madafa. Ya Fanna ta ce, "Au, kai ne? Ni ma sai yau na sani. Cewa ya yi kawai in ka ce kai ne, kod ya yi daidai." Ta ɗaga ta buɗe akwati. Ambulan ne jere reras, kowanne da launin zarensa don ta gane na wane ne. Ta zaro nawa.

Na buɗe ina tsammanin kwafi. Ikon Allah! Takardar ce ta asali, da hatiminta mai tudu, da sa hannun shuɗin tawada. Ga ƴar wasiƙa bugun tafireta a manne:

"Surbeyan, wadda na mayar maka kwafi ce. Na ga rufin ɗakinka, ban yarda da shi ba. Batun rediyo kuwa, da ba ka lalata ta ba da ban sami sana'a ba. Na yafe tun ranar. So nake kawai ka sauke."

Wato shekara da shekaru kwafi nake lallaɓawa cikin leda biyu! Na zauna bisa turmi na karanta sau uku, sannan na daina ganin haruffan. Ya Fanna ta tura mini kwanon dabino.

Dosiye ya wuce cikin satin. Kod ɗin Rumbu kuma yana cikin ambulan mai jan zare, na babbar ƴarsa, Zainabu. Ita ma ta je ta amsa tata tambayar, ta dawo ido jajur tana murmushi. Ban tambaye ta ba, kada ku ma ku tambaye ta. Ita ke riƙe da shagon yanzu, awartaki na nan rataye inda yake, farkon wata kuwa ni nake kai faifai Gidimuni.

Ya Allah, bawanka Bukar ya tsare amanar mutane, ya rufa wa ƙanensa asiri shekara hamsin. Ka rufa masa nasa. Ka sauƙaƙa masa tambayar kabari, Ka buɗe masa ƙofar rahamarKa ba tare da jira ba. Amin.