Farin Raƙumin da Taubashina Ya Gani

Tun muna yara taubashina yake riƙe da wata magana a kaina, kuma sai da furfura ta fara leƙo mini a gemu na ga hanyar ƙwace ta. Ɗan Gwaggo ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka a al'adance bawana ne. Amma al'adar nan dai ita ce ta ce duk abin da taubashi ya yaɓa maka ba ka da ikon yin fushi, sai dai ka rama in kana da abin ramawa. Ni kuwa ba ni da shi.

Wata shekara Baba ya dawo daga kasuwar Maigatari da na'urar gem, irin wadda ake jona wa talabijin, da kaset ɗaya mai ruwan ɗorawa wanda sai an hura masa iska yake yarda ya yi aiki. Gem ɗin na wani guntun mutum ne mai takobi, yana gudu daga hagu zuwa dama, yana tsallake ramuka yana saran dodanni. Mataki takwas ne, rai uku kacal, in sun ƙare a koma farko. Duk hutun da taubashina ya zo mana Gumel a gaban talabijin ɗin nan yake ƙarewa, wanda ya mutu ya miƙa wa ɗan'uwansa abin latsawa.

Wata Asabar muka kai mataki na takwas, abin da ba mu taɓa yi ba. Shi ne ke bugawa, saura rai ɗaya, sai Inna ta ƙwala mini kira in kai niƙa. Na yi kunnen uwar shegu, ta sake kira da muryar nan da ba a bari a ji ta sau uku. Na tafi a guje na dawo a guje, gari har a gira, na tarar da shi a kishingiɗe yana karkaɗa ƙafa, talabijin ɗif.

"Ka yi asara, ɗan Kawu," ya ce. "Ina gamawa aka ɗauke wuta."

Wai da ya sare babban dodon sai wata ƙofa ta buɗe, wani farin raƙumi ya fito ya durƙusa, mai takobi ya hau. Da wutar ta dawo kuma da ƙarfinta ta dawo, ta ƙona na'urar, shi ke nan babu mai ƙaryata shi. Labarin ya yi ta girma tare da mu. Wata shekara aka ƙara makaɗa, wata shekara aka ƙara budurwa mai miƙo ƙwaryar fura, ni kuma don wauta ban taɓa tambayar yadda fura ta je ƙasar masu ƙera gem ba. Ranar ɗaurin aurena ma sai da ya gaya wa dangin amarya cewa sun ba da 'yarsu ga mutumin da aka aika niƙa ana tsakiyar yaƙi.

Yanzu ni malamin gona ne, wurin aikina Sule Tankarkar. Wani abokin aikina ne ya nuna mini manhajar da ke sa waya ta kwaikwayi tsofaffin na'urorin nan, ya tura mini tarin gem. Ina cikin dubawa sai ga mai takobina. Da kiɗan farko ya tashi, wallahi sai da idona ya ciko, na ji kamar Inna za ta leƙo daga kicin. Sannan na gano abin da ya fi komai daɗi: manhajar tana bari ka ajiye wasa a duk inda kake, in ka mutu ka dawo daidai wurin. Na ce to, ɗan Gwaggo, kwananka ya ƙare.

Sai dai yatsuna sun tsufa, gilashin waya kuma santsi gare shi. Don haka na raba aikin gida uku. Wurare masu sauƙi a waya, a gindin bishiya a Ɗanzomo ina jiran manoma su taru. Tsallake masu wuya a kwamfutar ofis, rahoton takin zamani a buɗe a gefe saboda ko wani zai shigo. Dodanni kuma sai ƙarshen mako a Gumel, a akwatin talabijin, inda nake da abin latsawa na gaske. Ajiyar wasan ina yawo da ita a filash, ɗan abin nan na kwafar bayanai, cikin aljihun gaba, ina taɓa shi lokaci-lokaci kamar mai laya. Ranar wata bita a Gagarawa, garin sauri, na ɗora tsohuwar ajiya a kan sabuwa, aikin mako biyu ya bi ruwa. Na dawo gida fuska a murtuke, matata ta ɗauka sauyin wurin aiki aka yi mini.

"Malam," ta ce da ta ji dalili, "in 'ya'yanka suka tambaya, in ce musu uban nasu raƙumi yake nema a talabijin?"

Wata Lahadi bayan la'asar na sare babban dodon, bayan ya kashe ni sau ba adadi. Na gyara zama ina jiran ƙofa. Allon ya yi baƙi, wani rubutu da ban iya karantawa ba ya hau sama ya wuce, sai ga mai takobi an mayar da shi mataki na ɗaya. Ko akuya babu, balle raƙumi. Na yi dariya har da buga ƙafa, amma ba zan ɓoye ba, can ƙasan raina na ji babu daɗi, don na so ganin raƙumin nan.

Ranar Alhamis na ɗauki uzuri a ofis na nufi Maigatari. Rabona da garin na fi shekara uku, duk da tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba. Taubashina dillalin dabbobi ne a kara, na same shi a rumfarsu da abokan sana'arsa suna shan shayi. Daidai yadda nake so, ga shaidu. Na tsaya na yi musu bayani dalla-dalla, da alfahari, yadda waya ke kwaikwayon na'urar da. Na buɗe ajiyar da ke gab da ƙarshe na miƙa masa. Ya mutu na dawo da shi, ya mutu na dawo da shi, har dodon ya faɗi. Dillalai suka haɗa kai a kan wayar. Baƙin allo, rubutu, mataki na ɗaya.

"Ina raƙumin, bawa?" na ce.

Ya kurɓi shayinsa bai ko yi gezau ba. "Tsaya tukuna. Wannan ita ce na'urar da Kawu ya sayo?"

"A'a, na gaya maka kwaikwayonta take yi."

"Kaset ɗin fa?"

"Babu kaset, kwafi ne."

Ya juya ga jama'a ya ware hannuwa. "Kun dai ji da bakinsa."

Wani dattijo a cikinsu ya gyara hula ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, amma a kasuwar nan mun san asali mun san jabu. Wanda ya kwaikwayi kaya ai dole ya rage wani abu, in ba haka ba ina ribarsa? Raƙumin suka cire." Rumfa ta kece da dariya. Wani ya ƙara da cewa mutumin da ya mutu sau ɗari ana tashinsa ba shi da bakin yi wa mai rai uku gori. Ni da na zo da hujja a aljihu, ni aka mayar mai tallan jabu, kuma fushi ya haramta a gare ni. Dole na taya su dariya, haƙora kawai.

Da zan tafi ya ce in hau babur ya kai ni tasha. Mun bar hayaniyar kara, iska na kaɗa mana riga, sai ya ɗan karkato kai.

"Ko ƙofar gida ba ka kai ba aka ɗauke wutar nan," ya ce. "Dodon ma ban gan shi ba."

Na kama kafaɗarsa. "Juya! Juya ka faɗa a gabansu!"

"Wa ya ji? Iska ce." Ya yi dariya, sannan ya ce, "Kai dai ka gode wa raƙumin nan. Gwaggonka kullum sai ta tambaye ka, idonta ya fara tafiya, ba ka zo ba. Na yi suna biyu, saƙo ka turo a waya. Yau ga ka da ƙafarka, ranar aiki, saboda raƙumi."

Na nemi abin ramawa na rasa, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Muka iso tashar, motar Gumel na kiran saura mutum ɗaya. Bai rage gudu ba, ni ma ban ce ya tsaya ba.