Laitar Baffa Almu

Baffa Almu, ƙanen babanmu, malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kurfi, amma ɗakin gwajinsa na gaskiya shi ne zauren Inna Turai, kakarmu, a Barkiya. Ya cika shi da kwalabe da tiyo har baƙo ba ya samun wurin ajiye takalmi. Ni ce mai riƙe masa lissafi, ina kuma ji da hakan ƙwarai.

Wata rana Inna ta gaji, ta ce ya kwashe tarkacensa.

"Inna, a nan nake auna nauyin gas," in ji shi.

"Gas ɗin da ko ganinsa ba a yi? Almu, ka girma."

Sai suka yi yarjejeniya. Zai auna gas ɗin cikin laita. Littafi ya ce nauyin mol ɗaya, wato mudun awon gas na masu kimiyya, giram hamsin da takwas ne. In ya samu kusa da haka, zaure nasa ne; in ya kauce, ya kwashe.

Sikeli mai kyau sai Dutsin-Ma, wurin abokinsa. Ya hau mashin ya auno laitar, ya dawo ya ajiye ta a taga. Washegari ya kifa kwalba mai maki cikin baho, ya danna laitar a ƙarƙashin ruwa, gas ya taru, muka rubuta yawansa da zafin ranar da matsin iska. Ya shanya ta, ya sake komawa Dutsin-Ma ya auno ta. Abin da ta rage shi ne nauyin gas ɗin kwalba. Haka dai muka ɗauka.

Na ninka, na raba, na samu ɗari biyu da wani abu. Maimakon in yi shiru, sai na shiga cikin gida ina shelar cewa mun gano sabon gas. Har suna na fara nema masa.

Hussaina maƙwabciyarmu tana tankaɗe. Ta ɗago ta ce, "Wai jar laitar nan? Allah ya saka da alheri. Da ita na hura murhu jiya, na miƙa wa Ikilima ta gidan gaba."

Baffa ya dubi Inna.

"To me?" ta ce. "An zo ɗiban wuta, garwashina ya mutu. A gidan nan aka taɓa hana maƙwabci wuta?"

Ashe tsakanin awon farko da gwajin, sabon gas ɗina ya dafa tuwon rabin unguwa.

"Inna, ai sai a sake."

"Hamsin da takwas ka ce. 'Yarka ta ce ɗari biyu, kowa ya ji."

Ni na taya shi kwashe kwalaben zuwa rumfar awaki. Can yake gwajinsa har yau, laitar kuma a aljihunsa take kwana. Ɗalibansa sun ce kafin ya rubuta sakamakon gwaji a allo, sai ya tambaya ko akwai maƙwabta.