Na ƙunsa lallen, Saratu ba ta zo ba

Da safen nan labarin ya iske ni, ina bakin murhu. Wai Dakta Saratu ta rasu. Kwana uku kawai ta yi a asibiti.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ce Iya Tabawa ta Kawaji. Ban yi boko ba, 'yata Ladidi ce ke rubutawa a shafinta, na ce kar ta gyara min magana. Tun ɗazu na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito, in manta abin da na je ɗauka.

Ni na yi wa gidan su Saratu girki a Nasarawa GRA tun tana rarrafe. Iyayenta malaman makaranta ne, Kiristocin Zariya, ba a taɓa jin kanmu ba. Da azumi ita ke tsaya min a bakin get tana leƙen rana, sai ta rugo ta ce, "Iya, ta faɗi, sha ruwa."

Ta girma ta tafi waje karatun sama. Na ce taurari kike ƙirgawa? Ta yi dariya, ta ce, "Duwatsu, Iya." Wai akwai duwatsu masu yawo tsakanin duniyoyi, wasu ma ba dunƙule ba ne, tarin tsakuwa ne da ƙasa. Abin da ya dame su ita da abokan aikinta shi ne yadda manyan ke warewa daga ƙanana, alhali babu mai tsince su.

Wani hutu ta same ni a bayan kicin ina tankaɗe garin masara. Ni da faifai na saba, ba da rariya ba. Ka karkata shi, kana bugu da yatsu, tsaki ya gangaro gefe, gari ya tsaya. Ta durƙusa ta zuba min ido.

"Iya, sake."

"In sake me? Tuwon ne ba kya so a ci yau?"

Ta ɗauki bidiyo a waya. Ashe ta kai wani babban taronsu ta nuna, wai haka duwatsun nan ke warewa. Wata 'yar Jafan da wani mutumin Chile suka haɗu da ita, suka ƙera inji mai girgiza yashi irin na faifaina. Ta ce ɗalibai har digiri sun yi a kai. A takardar da suka fitar sun sa sunana a wurin godiya. Ta ɗora yatsana a kai. Ban iya karatu ba, amma har yau na san inda yake.

Sai dai da na ga bidiyon raina ya ɓaci. Tsohon zanen girkina ne, mai ƙunar wuta a gwiwa, ga hannuna duk kaushi. Shi duniya ta kalla.

Watan jiya da la'asar ta zo Kawaji da kanta, ta kawo min man zafi na gwiwa. Ta ce injin ya kasa irin bugun yatsuna, suna so su sake ɗauka da kyamara mai nuna motsi a hankali. 'Yar Jafan ɗin na gari, washegari da safe za a yi.

Na ce a'a. Sai tela ya gama min atamfata.

"Hannu kaɗai za a ɗauka, Iya."

"To hannun ma sai da lalle."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Amarya, mun ji. Zan dawo da ita." Ta shiga mota, ta sauke gilashi, ta ce kar in ba kowa aron faifan nan.

Baƙuwar ta koma ƙasarsu ba a yi ba.

Shekaranjiya tela ya kawo ɗinki. Jiya na ƙunsa lallen, don in sa Ladidi ta kira ta yau. Ya kama sosai. Ga shi ina kallonsa, ja wur, na wanke, na sake wankewa.

Aikin rabin sa'a ne fa yarinyar nan ta roƙe ni.

Don Allah, duk wanda ya san 'yar Jafan ɗin nan ko mutumin Chile, ya gaya musu Tabawa tana nan, faifan ma yana nan. Su zo tun yatsun suna motsi. Tsohon zanen ban yar ba, da shi zan zauna.

Allah ya ba ta hutawa, ya ba mahaifiyarta haƙuri, ya sa kar aikinta ya tsaya saboda ni. Wanda ya karanta ya yi mata addu'a ta hanyar da ya iya, ni ma ya sa ni a ciki.