Wanda Ya Gode wa Direba

Narelle, tsohuwar 'yar sanda, tana cikin bas a garin Ballarat na Ostireliya tana kallon samari shida masu baƙaƙen kaya, 'yan ƙungiyar da ke cewa ƙasar ta farar fata ce kaɗai. Ɗayansu ya tsaya mata a rai. Askinsa na ƙwal-kwabo sabo ne fil, kuma sai sauran sun yi dariya yake yi. Ɗan leƙen asirin 'yan sanda ne aka cusa musu, in ji ranta, kuma wanda ya horar da shi ya cuce shi.

Wajen sauka, biyar suka wuce direban, Ba'indiye mai rawani, ko kallo bai ishe su ba. Shi kuwa mai sabon askin, sabo da ladabi ya ja bakinsa: "Na gode, direba."

Narelle ta ja tsaki.

Babbansu ya juyo a hankali. "Abokina, wa kake gode wa?"