Takardar da Ƙanwata Ta Ba Mai Manja

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ban da ranar da mai manja ta sauko daga keke napep a ƙofar shagon ɗinkina a Samaru, riƙe da wata 'yar takarda.

Ƙanwata ce ta yi ciwon damuwa bayan rasuwar mahaifiyarmu. Wata huɗu ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Ni na yi jinyarta: ni ce wanka, ni ce ba ta abinci a baki, ni ce jigilar asibiti a Shika, har ɗinkin mutane ya taru mini. Da ta samu sauƙi, likita ya ce ciwon yakan dawo. Kada ta bar magani, kada ta riƙa zama ita kaɗai, sannan ta rubuta alamomin da take fara gani idan zai taso, ta ba mutum ɗaya da ta yarda da shi. Ina wurin, har da gyara zama. Wa za ta ba in ba ni ba?

Ashe wata dattijuwa Ibo ta kai wa, mai sayar da manja a kasuwar Sabon Gari, wadda ƙanwar tawa ta fara taya ɗura kwalabe don ta riƙa fita. Matar da Hausarta ma a karye take. Ba zan ɓoye muku ba, kishi ya ci ni. Kullum yarinyar ta dawo da yamma, zancen matar ne, har Mama take kiranta: Mama ta ce kaza, Mama ta ba ni dariya. Ran Lahadi ta tashi ba da shaida a coci, ta gode wa Allah, ta gode wa Mama mai manja, ni kuwa sai aka cusa ni cikin "sauran 'yan'uwa". Ni da na wanke mata kai da hannuna!

Sai na ƙulla dabara. Na ce ɗinkin Kirsimeti ya yi mini yawa, ta bar zuwa kasuwa ta zauna ta taya ni. Ba ta musa ba. Da matar ta kira wayata tana tambayarta, na ce tana lafiya, aiki ne ya riƙe ta, na kashe.

Ta zauna a lungun shago tana sa maɓalli, shiru, ni kuwa raina fes, na ƙwato ƙanwata. Ta daina zuwa koyon waƙa a coci, na ce gajiya ce. Kitsonta ya tsufa ta rufe da ɗankwali, na ce sai bayan biki. In na tambaye ta, sai ta ce, "Lafiya lau, Yaya."

Sati uku ana haka matar ta iso. Ko gaisuwar kirki ba ta yi mini ba. Ta wuce wurin ƙanwata, ta ɗaga ɗankwalin ta dubi kan, ta tambaye ta yaushe rabonta da magani. Yarinya ta sunkuyar da kai. Sai matar ta miƙo mini takardar, duk ta yi jajir da manja. Layi uku ne da rubutun ƙanwata: idan na daina waƙa, idan na bar kaina ba kitso, idan kullum amsata lafiya lau ce, a kai ni asibiti.

Duka ukun a gabana suka faru, ina ta murna.

A ranar muka tafi Shika. Likita ya ce an zo da wuri, ya mayar da ita kan magani. Amma ku ji halin mutum: a hanyar dawowa, cikin keke, sai da na tambaye ta me ya sa ba ni ta ba takardar ba. Sai ta ce:

"Yaya, ke in na ce miki ba ni da lafiya, kuka kike yi, sai in koma lallashinki. Ita Mama ba ta kuka. Takalminta take ɗauka."

Washegari ni da kaina na raka ta Sabon Gari, na roƙi matar ta bari in kwafi takardar. Tana nan manne a jikin keken ɗinkina har yau.

Shekaru sun wuce, ciwon bai sake kayar da ita ba. Kishin kuwa bai mutu duka ba, yakan ɗan motsa in na ji "Mama ta ce". Sai dai na koyi cewa mai irin wannan ciwo ba a tsare shi da mutum ɗaya, kuma duk wanda zai riƙe mini ƙanwata a tsaye, ko ba ni ba ce, in buɗe masa ƙofa.